Eriya Mai Fuska Guda Da Mita Da Yawa: Aikinta A Ƙasar Musawa

Ran 13 ga watan Maris na 1957 ne Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar da shirin Hausa na farko daga gidan rediyon BBC a London, tun daga wannan zamani kuwa masu sauraro a ƙasar Hausa su ke jin ana ce musu su nemi tasha a kan mita kaza da mita kaza. Manomin Musawa wanda bai taɓa auna gonarsa da mita ba ya san wannan mitar sarai. Ya san da rana tsaka wajen mita 16 ko 19 a ke samun tashoshin nesa, da dare kuwa sai a koma 31 ko 41 ko 49. Ya kuma san in murya ta yi ƙasa sai a zare sandar akwatin a karkata ta, ko a ɗaura mata waya a jefa bisa darbejiya. Watau ya riga ya san abu biyu: mita ɗaya ba ta isa yini da kwana, kuma abin da akwati zai ji yana rataye ga eriyarsa. Wannan takarda bayani ce a kan wurin da abubuwan nan biyu su ke karo da juna, watau eriyar da a ke so ta fuskanci waje guda, ta kuma yi aiki a kan mita da yawa, irin wadda 'yan sha'awar rediyo su ke ɗorawa bisa dogon ƙarfe a gidajensu.

'Yan sha'awar rediyo mutane ne waɗanda hukuma ta ba lasin su mallaki na'urar aikawa da magana ta iska, don su zanta da junansu su gwada fasaha, ba tare da neman kuɗi ba. Kowannensu yana da laƙabin kira na haruffa da lambobi, farkon laƙabin shi ke nuna ƙasarsa: na Nijeriya da 5N ya ke farawa, na Nijar da 5U, a zamanin Turawa kuwa na Nijeriya ZD2 ne. Ba su da yawa a ƙasar nan, shi ya sa in ɗayansu ya yi kira sai na Turai da Amurka da Japan su yi masa caa, kowa yana so ya rubuta Nijeriya cikin littafinsa. A 1912 dokar Amurka ta kora su zuwa mitocin da ke ƙasa da 200, don a lokacin ana zaton waɗannan ba su da wani amfani. A watan Nuwamba na 1923 sai ga Léon Deloy a Faransa da Fred Schnell a Amurka sun yi musayar saƙo ta ƙetaren teku a kan mita wajen 110, duniya ta farga. Taron ƙasashe na Washington a 1927 ya yanka musu mita 160 da 80 da 40 da 20 da 10, aka ƙara musu 15 a 1947, sa'an nan taron Janiba na 1979 ya ƙara 30 da 17 da 12. Rabonsu ke nan, 'yan filaye ƙanana warwatse tsakanin manyan gonakin gidajen rediyo da jiragen sama da na ruwa.

Kalmomin da su ke shiga tsakani

Kafin a shiga batun ƙarfe ya kamata a tsaya kan wata kalma, gama ita ce ta kan fara rikita ɗalibi. Masu fassara sun kira waɗannan mitoci gajeren zango. Zango kuwa asalinsa masaukin ayari ne, sa'an nan tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Wanda ya ji gajeren zango sai ya ɗauka magana ce wadda ba ta zuwa nesa, alhali kuwa ita ce mai kewaya duniya, matsakaicin zango shi ne mai tsayawa kusa da rana. Abin da ya gajarta shi ne ratar da ke tsakanin tozon igiya ɗaya da na biye da shi, kamar igiyar ruwa a tafki in an jefa dutse. Kalmar ta riga ta zauna a bakin jama'a, ba mai iya tuge ta, sai dai malami ya yi mata sharhi a aji. A nan za a ce tsawon igiya in ana nufin wannan rata. Abin mamaki, akwai wani abu cikin tafiyar rediyo wanda sunan zango ya fi dacewa da shi: igiyar ta kan tashi sama kilomita 250 zuwa 400, ta taras da wani rufin iska wanda hasken rana ya cika da lantarki, ayonosfiya ke nan, ya maido ta ƙasa a wuri mai nisa, ƙasa ta sake cilla ta sama. Kowane tashi da sauka zango guda ne na gaske, mafi tsawonsa wajen kilomita 4,000. Amma tun da an riga an ba wani sunan, wannan sai a kira shi tsalle. Ita kuwa eriya, daga Ingilishin Ingila aka aro ta, ta zama mace saboda wasalin ƙarshenta, ta kuma sami jam'i irin na gida, eriyoyi.

Lissafin tsawon igiya ba wuya gare shi. A raba 300 da yawan megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon a mita. Megahaz 14 ya ba da mita 21 da 'yan kai, ita a ke kira mita 20 don sauƙin faɗa. Megahaz 21 ita ce mita 15, megahaz 28 kuwa mita 10. Mafi sauƙin eriya ita ce mai hannu biyu, waya ko bututu wanda aka raba tsaka aka haɗa masa kebul, tsawonsa duka rabin tsawon igiya. Na mita 20 ƙafa 33 ne, na mita 15 ƙafa 22, na mita 10 ƙafa 16 da rabi. Tsawon nan ba ado ba ne. Kamar tsirkiyar gurmi ce, wadda tsawonta da ɗaurinta su ke yanke irin muryar da za ta fitar. In aka ba eriya igiyar da ba tata ba, sai ta ƙi karɓar ƙarfin, ta maido shi cikin na'ura.

A 1926 Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi, a Jami'ar Tohoku ta Japan, suka nuna in an jera wa mai hannu biyu waɗansu sanduna a gabanta da bayanta, ko da ba a haɗa su da kebul ba, sai ƙarfin ya tattaru waje guda. Wadda ke baya ta ɗara uwar tsawo da misalin kashi 5 cikin 100, ita ce madubi. Wadda ke gaba ta gaza ta da misalin haka, ita ce jagaba. Dukansu suna kwance bisa wani bututu wanda za a iya kira ƙashin baya. Sunan Yagi ne ya bi eriyar, ko da ya ke Uda ne ya yi mafi yawan aikin, don Yagi ne ya buga bayaninta da Ingilishi.

Masu sana'ar suna kiran wannan tattarawa riba, sunan kuwa yana da ruɗi, gama eriya ba ta ƙara ko wat ɗaya. Bambancin fitilar ƙwai da tocila ne: ɗaya tana haska ɗaki duka kaɗan kaɗan, ɗaya ta hana baya da gefe ta zuba wa gaba. Da desibel a ke auna ta. Desibel 3 ninki biyu ne, 6 ninki huɗu, 10 ninki goma, 20 ninki ɗari. Yagi mai sanda uku wadda aka yanka wa mita ɗaya tak ta kan fi mai hannu biyu da desibel 5 zuwa 6, watau na'ura mai wat 100 sai a ji ta can kamar mai wat 400. Yadda ta ke aikawa haka ta ke ji, ba bambanci. Akwai kuma awo na biyu, fifikon gaba a kan baya, wanda a eriya mai kyau ya kan kai desibel 20: muryar da ta zo ta ƙeya sai ta ragu sau ɗari. Ƙarshen wannan fasaha a manyan gidajen rediyo ya ke. Tashar da BBC ta buɗe a tsibirin Asenshin a 1966, kilomita wajen 3,300 kudu maso yamma da Musawa, labulen wayoyi ta rataya tsakanin dogayen hasumiyoyi, ta ba su kilowat 250, irin labulen nan kuwa ribarsa ta kan kusanci desibel 20. Shi ya sa ɗan akwati mai batir biyu ya ishe mai sauraro. Ɗan sha'awa ba shi da wannan fili ko wannan wuta. Ƙarfe ɗaya gare shi, a kansa kuma ya ke so ya sami mita uku ko biyar.

Inda wahalar ta ke

Dalilin son mita da yawa shi ne rufin sama ba ya zama hali ɗaya. Yana sauyawa daga safe zuwa dare, daga rani zuwa damina, yana kuma bin tabon da ke fita a fuskar rana, wanda ya kan yawaita ya ragu cikin shekara wajen 11. A 1957 da 1958 tabon ya yi yawan da ba a taɓa aunawa ba, mita 10 ta buɗe har mai ƙaramar na'ura yana ƙetare teku. Wajen 2019 ya yi ƙasa ƙwarai, ta yi tsit. A 2024 ya sake kai ƙololuwa. Mai mita ɗaya zai yi shekaru yana zaman jira.

To, ga tsawon sanda ya ƙi zama ɗaya, ga kuma ratar da ke tsakanin sanduna, ita ma da tsawon igiya a ke auna ta. Tsohuwar dabara, wadda ta yaɗu daga wajen 1955, ita ce a yanka kowace sanda a sa mata abin da masu sana'ar su ke kira tarko, naɗin waya ne da kwandensa cikin ɗan gwangwani. Aikinsa na ƙyaure ne. In igiyar mita 10 ta zo, tarkon farko ya rufe, eriyar ta ga kamar nan ta ƙare. Igiyar mita 15 ta wuce shi, na biyu ya tare ta. Ta mita 20 ta wuce duka biyun har bakin sanda. Da haka sanda ɗaya ta zama uku. Sanannun eriyoyin da aka yi a kan wannan tsari, kamar TA-33 ta kamfanin Mosley, sanda uku gare su bisa ƙashin baya mai ƙafa 14.

A lura da wannan ƙafa 14. Ga mita 20 kashi ɗaya ne cikin biyar na tsawon igiya, ya yi kaɗan. Ga mita 15 wajen kashi uku ne cikin goma, ya yi daidai. Ga mita 10 kashi biyu ne cikin biyar, ya yi wa sanda uku yawa. Ƙyaure yana gyara tsawon sanda, amma ba ya matsar da ita gaba ko baya. Don haka irin wannan eriya a mita ɗaya ta ke zama sosai, sauran biyun haƙuri su ke yi. Har wa yau naɗin wayar yana gajarta sandar a mita 20, gajeriyar sanda kuwa filin da ta ke karɓa ƙunci gare shi: in an daidaita ta a farkon mitar, wajen megahaz 14.0 inda masu bugun waya su ke, sai ta yi gardama a wajen 14.3 inda a ke magana da baki. Kowane tarko kuma yana cin ɗan rabonsa ya mai da shi zafi, tarkuna kuwa sun kai goma sha biyu a sanda uku. Sabuwa ful, hasarar ba ta da yawa. Abin dubawa shi ne bayan shekara uku a sararin Musawa. Ana huda wa gwangwanin 'yan ramuka a ƙasa don ruwa ya tsiyaye, ramukan nan kuwa su ne irin ƙofar da zanzaro ke nema ya yi ɗakinsa na laka. Ƙurar hunturu ta shiga ta kwanta, ruwan farko ya jiƙa ta, ta zama hanyar da lantarki zai bi ya tsallake ƙyauren. Zafin bazara ya fasa murfin roba. Eriyar tana nan tsaye kyakkyawa, mai ita bai san jagabanta ya daina aiki ba.

Abin da ke ɓoye masa laifin shi ne awon da ya fi sauƙin yi. Kusan kowace na'ura tana nuna yawan ƙarfin da eriya ta maido, mutane kuwa sun ɗauki wannan allura kamar ita ce alƙali. In ta nuna 2 bisa 1, abin da ya komo kashi 11 ne kacal cikin 100, wanda kunne ba ya ji. In ta kwanta a 1 bisa 1, abin da ta shaida shi ne ƙarfi ya fita bai komo ba, ba ta ce ga inda ya tafi ba. Tarkon da ya lalace yana shan ƙarfi ya kan sa allurar ta ƙara kwantawa. Lambobin da kamfanoni su ke bugawa su ma sai an yi musu tambaya. Wani da mai hannu biyu ya ke gwada eriyarsa, wani kuwa da wata eriya ta lissafi wadda ke watsawa ko'ina daidai, wannan kaɗai ya ba shi ƙarin desibel 2.15 kyauta. Wani ya haɗa da abin da ƙasa ke maidowa, har desibel 5 ko 6, wanda ko waya tsirara tana samu in an ɗaga ta. Abin ya kai mujallar QST, ta ƙungiyar 'yan sha'awar rediyo ta Amurka, ta yi shekaru da yawa ba ta yarda a sa lambar riba cikin talla. A ƙarshen shekarun 1990 Ward Silver da Steve Morris suka ɗora eriyoyin kasuwa ɗaya bayan ɗaya suka auna su a fili, aka ga waɗansu ba su kai inda aka ce sun kai ba.

Akwai waɗansu hanyoyi, kowace da kuɗin fansarta. A Jami'ar Ilinoi, wajen 1957 da 1958, Raymond DuHamel da Dwight Isbell suka fito da log-firiyodik, mai kama da ƙayar kifi, sanduna da yawa suna raguwa daga doguwa zuwa gajeriya. Tana karɓar kome daga megahaz 14 har 30 ba tarko ko ɗaya, shi ya sa soja da ofisoshin jakadanci su ke son ta. Amma a kowace mita sanda uku ko huɗu ne ke aiki, sauran nauyi ne kawai a kan ƙarfe, ribarta kuma ba ta kai ta Yagi mai irin tsawonta ba. Da kwamfuta ta samu, a shekarun 1990, aka iya lissafa yadda za a saƙa Yagi biyu ko uku cikakku bisa ƙashin baya ɗaya ba tare da sun ɓata wa juna aiki ba. Wannan ta fi mai tarko, sai dai tana da faɗi da tsada. Akwai ma mai mota a cikin kowace sanda tana zare tsawon yadda a ke so, wadda ba sai an daɗe a kanta ba a garin da wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama.

Biyu ne suka fi cancantar a dube su a nan, don dukansu waya ce da sandunan da ba ƙarfe ba. Ta farko kwad ce, mai murabba'i. Clarence Moore ne ya ƙago ta wajen 1942 a gidan rediyon HCJB na Kito, a ƙasar Ekwado, inda tsawon dutse ya sa iska ta yi shara-shara har wuta tana tashi a bakin sandunan Yagi tana narkar da su. Sai ya lanƙwasa waya ta zama zobe mai kusurwa huɗu, ba ta da bakin da wuta za ta fita. Zoben mita 20 kowane gefensa wajen ƙafa 18 ne, na mita 15 da na 10 su shiga cikinsa kamar jeren kwalla, sanduna takwas masu ƙafa 13 su riƙe zoben gaba da na baya. Kowace mita ta sami zobenta cikakke. Ana yin sandunan da gora, wadda ba ta gagara a kasuwa, in an shafe ta da fenti. Aibinta tana da jiki ta kowace fuska, iska na samun abin kamawa. Ta biyu ita ce mai kusurwa shida, hekisbim, wadda ta fito a Amurka a shekarun 1990, Steve Hunt na Ingila ya gyara tsarinta a 2007. Kamar laima ce da aka jirkita, faɗinta wajen ƙafa 22, wayoyin mita biyar ko shida suna jere cikinta. Ribarta wajen desibel 3 ce a kan mai hannu biyu, ba ta kai ta Yagi mai sanda uku ba, amma mutum ɗaya yana ɗaga ta, iska kuma ta ko'ina ta zo daidai ta ke samunta. Ga wanda zai yi wa kansa, ya kuma gyara da hannunsa, waɗannan biyu sun fi mai tarko hankali.

Tsawo da alƙibla

Duk wannan gardama ta desibel ɗaya ko biyu ƙarama ce in an gwada ta da batun tsawon ƙarfe. Igiyar da ta fita daga eriya kashi biyu ce, wadda ta miƙe da wadda ta bugi ƙasa ta tashi, haɗuwarsu ce ke yanke kusurwar da ƙarfin zai bi zuwa sama. Eriyar da ke ƙafa 33 daga ƙasa, a mita 20 wajen digiri 30 ta ke harbawa, a mita 15 wajen digiri 20, a mita 10 wajen digiri 15. Ga wani wurin kuma da mita da yawa ba su zama daidai a kan ƙarfe ɗaya. Daga Musawa zuwa London kilomita wajen 4,400 ne, ya ɗara tsalle ɗaya, sai biyu. Tsalle mai kilomita 2,200 kuwa kusurwar wajen digiri 10 ya ke so. In aka ninka tsawon ƙarfen ya kai ƙafa 66, kusurwar mita 20 ta sauko digiri 15, abin da za a samu a hanyar nesa ya kan fi abin da ƙarin sanda ɗaya zai bayar. Kuɗin da za a ƙara wa eriya, in an ba mai walda a Malumfashi ko Funtuwa ya ƙara wa hasumiya tsawo, ya fi amfani. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta gonakin wannan yanki alheri ce a nan, muddin ba a kafa ƙarfen a gindin dutse ba. Gangare mai sauƙi zuwa wajen da a ke nufi kuwa ƙarin tsawo ne wanda ba a biya ba.

Batun inda za a juya ta, Musulmi ya riga kowa saninsa, gama lissafin alƙibla ne. Taswirar bango tana ruɗi, don duniya dunƙulalliya ce, hanya mafi kusa kuma ba ita ce miƙaƙƙen layin takarda ba. In an ƙirga daga arewa ana juyawa ta hannun dama, alƙiblar Musawa wajen digiri 69 ce, gabas da ɗan karkata arewa. Tokiyo, wadda taswira ke nunawa can gabas, digiri 41 ce, ta fi Makka karkata arewa. London 352 ce, kusan arewa sak. New York 309 ce, arewa maso yamma. Bakin Yagi mai sanda uku yana da faɗin wajen digiri 60, saboda haka in ta dubi arewa ta rufe kusan Turai duka, ba sai an taɓa ta ba. Injin juya eriya wuta ya ke so. Igiya biyu da aka ɗaura wa bututun sun isa.

Duban arewan nan yana da wata fa'ida wadda littattafan Turai ba su cika kula da ita ba, don ba ciwonsu ba ne. Kowace walƙiya tashar rediyo ce ta ɗan lokaci, ƙararta kuma tana tsalle kamar kowace igiya. Ƙasashe masu zafi su ne gidan tsawa, kwarin Kwango kuwa yana cikin wuraren da suka fi ko'ina walƙiya a duniya. Ko da rani, sa'ad da sararin Musawa ba ko gajimare, ana tsawa a can da bakin teku, ƙarar kuma tana isowa daga kudu da kudu maso gabas, watau ta ƙeyar eriyar da ke duban Turai. Ɗan sha'awa a nan, tun da ana rububinsa, ba ya rasa mai jinsa. Wahalarsa ya tsinci murya ɗaya cikin ƙara da cunkoso. Saboda haka fifikon gaba a kan baya ya fi masa riba daraja, shi ne kuwa abin da ya kan fara lalacewa in tarko ya ɓaci ko an kuskure tsawon madubi da 'yan inci. Gwajinsa ba ya son kayan awo: a kama wata tasha mai nisa, a juya mata baya, a ga ko ta nutse. Abu biyu ne eriya ba ta magani. Ɗaya ƙarar gida, ta injin wuta da inbata da ƙananan caja, wadda sai an bi ta an kashe. Ɗaya kuma rawar da murya ta kan yi bayan magariba, don tsakiyar maganaɗisun duniya ta ratsa Nijeriya ba nisa da ƙasar Katsina, rufin sama kuwa a wannan layi ya kan yamutse in rana ta faɗi.

Akwai kuma abin da wannan eriya ba ta yi ko tana da lafiya. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan wayar hannu a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Funtuwa da Malumfashi da Ƙanƙara, mutane suka riƙa tafiya mai nisa don su buga waya ɗaya. Wanda ya ga haka zai iya zaton babbar eriya bisa hasumiya ita ce mafita. Amma daga Musawa zuwa Katsina ko Kano, a miƙe, bai cika kilomita 100 ba. Igiyar mita 20 da aka harba ƙasa-ƙasa ta kan bi ta saman garuruwan nan ta sauka bayan ɗaruruwan kilomitoci, galibi a ji mutum a Italiya ba a ji shi a Kankiya ba. Maganar kusa wata eriya ta ke so dabam, mai arha: mai hannu biyu ta waya, ƙafa 66, a rataye ta ƙasa-ƙasa, ƙafa 20 ko 25, a kan mita 40 da rana, da dare kuwa mai ninkin wannan tsawo a kan mita 80. Ita sama sak ta ke harbawa, igiyar ta zubo kamar ruwan sama a kewayen kilomita 400 ko fiye, ba ruwanta da dutse ko daji. A irin wannan yanki da irin wannan lokaci kuwa, ba a kafa ko wannan sai da lasin a hannu, da sanin hakimi da jami'an tsaro.

Saura hadari. Guguwar farkon damina, a watan Mayu da Yuni, daga gabas ta ke tasowa, iskar da ke gabanta ita ke kwashe rufin kwano, ita ce kuma ke gwada kowace eriya. Hasumiyar da a ke iya kwantarwa da igiya kafin hadari ya iso ta fi wadda sai an hau. Ƙarfe mai ƙafa 40 a garin da soraye ba su wuce hawa ɗaya ba shi ne abin da aradu za ta fara gani, don haka a haɗa gindinsa da sandunan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa da waya mai kauri, a nemi wuri mai laima, gama busasshiyar jar ƙasa ba ta karɓar lantarki sosai. Iskar hunturu ma, da ƙurarta da bushewarta, tana tara lantarki a jikin sanda har ya yi tartsatsi a bakin kebul, zoben kwad kuwa, da ya ke rufaffe ne, bai cika tara shi ba. In an gama magana, rani ko damina, a cire kebul daga na'ura a ajiye bakinsa waje da ɗaki.